Na'ura ba ta sa hannu: Abin da doka ta tanada kan ƙirƙirarriyar basira a ofis, a asibiti da kan mitar lantarki

A ƙaddara yammacin wata Alhamis ce a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya da ke Abuja. Saura minti ashirin a shiga taro, sai mai gida ya aiko cewa yana son taƙaitaccen bayani kan wani fayil mai shafi arba'in. Fayil ɗin na wani jami'i ne da ke neman a sallame shi daga aiki saboda rashin lafiya. A ciki akwai rahoton kwamitin likitoci, da sunan cutar da ke damunsa, da lambarsa ta IPPIS, da ta NIN, da lambar asusunsa na banki, har da sunayen matarsa da 'ya'yansa. Mataimakin da aka ɗora wa aikin ya zaro wayarsa, ya ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya loda su a ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT ko Gemini. Kafin shayinsa ya huce, bayani ya fito tsaf cikin Turanci mai daɗi. Mai gida ya yaba, taro ya tashi lafiya.

Wannan misali ne kawai, amma duk wanda ya san yadda aikin ofis ke tafiya a 'yan shekarun nan ba zai ga baƙon abu a cikinsa ba. Abin da mataimakin bai lura da shi ba shi ne, a cikin waɗannan 'yan mintuna ya taka iyakar doka fiye da ɗaya. Ya sarrafa bayanan lafiyar mutum, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya a rukunin da ke buƙatar kulawa ta musamman. Ya tura su zuwa rumbun kwamfutocin wani kamfani da ke wajen Najeriya, abin da dokar ta gindaya wa sharuɗɗa. Ya fitar da sirrin mara lafiya, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana sai bisa wasu dalilai ƙidayayyu. Idan kuwa fayil ɗin yana ɗauke da tambarin sirri, to Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da Ƙa'idojin Aikin Gwamnati su ma suna da abin cewa.

Da yawa daga cikin ma'aikata suna zaton sai ranar da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta kammala muhawara kan ƙudurorin da suka shafi ƙirƙirarriyar basira ne wannan fage zai samu ƙa'ida. Wanda ya zauna ya karanta dokokin da ake da su zai tarar an riga an shata iyakoki da dama, sai dai a warwatse suke. Dukkansu kuma sun haɗu a kan abu ɗaya: idan aka yi ɓarna, mutum ko hukuma za a nema, domin manhaja ba ta da sa hannu, ba ta amsa takardar tuhuma, ba ta kuma tsayawa a gaban alƙali.

Sashe na 37, sau biyu

Tushen maganar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 37 ya ba da tabbacin kare sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da hirarsu ta waya. Lokacin da aka tsara wannan sashe babu wanda ke tunanin manhajar da za ta karanta fayil cikin daƙiƙu, amma a 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar da wata ƙungiyar lauyoyi masu kare 'yancin jama'a a intanet ta shigar da hukumar NIMC, ta bayyana cewa kare bayanan mutum yana cikin abin da sashen ya ƙunsa.

A Janairun 2019 hukumar NITDA, ƙarƙashin Isa Ali Pantami a lokacin, ta fitar da ƙa'idar kare bayanai ta farko mai faɗi, wadda aka fi sani da NDPR. A Fabrairun 2022 aka kafa ofishi na musamman domin kula da ita. Sai a ranar 12 ga Yuni, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan cikakkiyar doka, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC, da Dokta Vincent Olatunji ke jagoranta. A Maris na 2025 hukumar ta fitar da dogon umarnin aiwatar da dokar, wanda ya fara aiki a Satumban shekarar, kuma a cikinsa an taɓo sababbin fasahohi har da ƙirƙirarriyar basira.

Dokar ba ta bar gwamnati a waje ba. Duk ma'aikatar da ke tattara bayanan mutane, ta ma'aikatanta ne ko na jama'a, tana ƙarƙashinta. Sassaucin da sashe na 3 ya bayar ya tsaya ne kan abubuwa kamar binciken laifi, tsaron ƙasa da yanayin annoba, kuma ko a nan ma bai ɗauke dukkan nauyi ba. Sashe na 24 ya shimfiɗa ƙa'idojin da kowa zai bi: a tattara bayani domin wata manufa bayyananniya, kada a karkatar da shi zuwa wata manufar da ta saɓa wa ta farko, kada a ɗebi fiye da buƙata, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ya kamata, a kuma tsare shi. Sashe na 28 ya wajabta a yi nazarin haɗari tun kafin a fara duk wani aikin da ka iya jefa haƙƙin mutane cikin babban hatsari. Sashe na 40 ya ba da sa'o'i 72 a sanar da hukuma idan bayanai suka fita ta hanyar da ka iya cutar da masu su.

Amma sashen da ya fi kusa da batun ƙirƙirarriyar basira shi ne, abin mamaki, wani sashe na 37 ɗin, wato na wannan dokar. Ya ba kowane mutum 'yancin kada a yanke masa hukuncin da zai shafi haƙƙinsa ko rayuwarsa ƙwarai bisa lissafin na'ura kaɗai. An yi togaciya a wurare uku: idan kwangila ta buƙaci hakan, ko wata rubutacciyar doka ta ba da izini tare da tanadin kariya, ko mutumin da kansa ya yarda. Ko da an samu togaciyar, dokar ta nemi a bar masa ƙofa ya buƙaci ɗan Adam ya duba lamarinsa, ya faɗi nasa bayanin, ya kuma ƙalubalanci hukuncin.

Ga ma'aikacin tarayya wannan batu na albashi ne. Idan aka sa manhaja ta tace jerin masu karɓar albashi domin zaƙulo ma'aikatan bogi, ta kuma cire sunan wani saboda ranar haihuwarsa a NIN ta saɓa da wadda ke fayil ɗinsa, to dakatar masa da albashi ba tare da wani jami'i ya duba ba yana iya cin karo da wannan sashe. Haka abin yake ga tantance masu neman aiki, da jerin ƙarin girma, da rajistar marasa galihu da ake raba tallafi da ita.

Gwamnatoci biyu da suka ɗanɗana

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hanya sun bar darasi mai tsada. A Holan, hukumar haraji ta yi amfani da wani tsarin kwamfuta wajen auna waɗanda ake zargi da maguɗi a tallafin renon yara. Daga cikin abubuwan da tsarin ke ɗauka a matsayin alamar haɗari har da asalin ƙasar mutum. Dubban iyalai, da yawansu 'yan asalin wasu ƙasashe, aka tilasta musu mayar da kuɗaɗen da suka karɓa bisa haƙƙi, wasu suka faɗa cikin bashin da ya tarwatsa gidajensu. A Janairun 2021 gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus kan wannan badaƙala, kuma a ƙarshen shekarar hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci hukumar harajin tarar Yuro miliyan 2.75.

A Ostareliya kuwa, tsarin da aka yi wa laƙabi da Robodebt ya riƙa ɗaukar kuɗin shigar mutum na shekara ya raba daidai kan makonni, sannan ya aika wa masu karɓar tallafi takardar bashi, alhali da yawansu aikin wucin gadi suke yi, wani mako a samu, wani mako a rasa. An gudanar da shi daga 2016 zuwa 2019 kafin a tabbatar cewa ya saɓa wa doka. Hukumar bincike ta musamman da ta miƙa rahotonta a Yulin 2023 ta bi sawun takardu ne, tana tambayar wane jami'i ya ga shawarar lauyoyi, wa ya yi shiru, wa ya sa hannu.

A duka ƙasashen biyu lissafin da aka yi amfani da shi bai kai na manhajojin yau wayo ba. Abin da ya jawo ɓarnar shi ne an cire ɗan Adam daga tsakanin na'ura da talaka, aka kuma ɗora wa wanda ake zargi nauyin wanke kansa.

Katin asibiti

Babu inda sirri ya fi nauyi kamar asibiti. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya ce duk bayanin da ya shafi mara lafiya, da halin lafiyarsa, da maganin da ake masa, da kwanciyarsa a asibiti, sirri ne. Ba a bayyana shi sai da rubutacciyar yardarsa, ko umarnin kotu ko tanadin wata doka, ko buƙatar iyaye ko mai kula da wanda ba zai iya ba da izini da kansa ba, ko kuma idan ɓoyewar za ta zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti alhakin hana shiga bayanan ba da izini ba, ya kuma tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar Naira 250,000, ko duka biyun. Masu ɗauke da cutar ƙanjamau suna da ƙarin kariya a dokar hana nuna musu wariya ta 2014.

A ɗaya ɓangaren, amfanin fasahar a fannin lafiya ba abin musu ba ne. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajojin da ke karanta hoton ƙirji wajen tace masu tarin fuka daga shekara 15 zuwa sama, kuma ga ƙasa mai ƙarancin likitocin karanta hoto kamar Najeriya wannan babban sauƙi ne. Sai dai irin waɗannan manhajoji da bayanan marasa lafiya ake horar da su, kuma a nan ne doka ke shigowa.

Abin da ya faru a Ingila ya isa misali. Asibitin Royal Free da ke Landan ya miƙa wa kamfanin DeepMind, mallakar Google, bayanan marasa lafiya kimanin miliyan 1.6 domin gwada wata manhaja mai gano ciwon ƙoda da wuri. Manufar kyakkyawa ce, amma a Yulin 2017 hukumar kula da bayanai ta ƙasar ta yanke cewa asibitin ya saɓa wa doka, saboda ba a sanar da marasa lafiyar yadda ya kamata ba. Laifin a kan asibitin ya faɗa, domin shi aka ba amana. Duk shugaban asibitin tarayya da wani kamfani ya zo wa da tayin "haɗin gwiwa kyauta" yana da kyau ya tuna da wannan.

Akan ce ai an goge sunaye, don haka babu matsala. Tun a shekarun 1990 wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna raunin wannan hujja lokacin da ta gano bayanan asibitin gwamnan jihar Massachusetts daga cikin bayanan da aka ce an ɓoye masu su, ta hanyar haɗa su da rajistar masu zaɓe. Daga baya ta ƙiyasta cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa kaɗai sun isa a gane kashi 87 cikin 100 na Amurkawa. A ma'aikatar da darakta mace ɗaya ce tal a wani sashe, goge sunanta daga rahoton inshorar lafiya bai ɓoye komai ba.

Akwai kuma matsalar abin da manhajar ta koya. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2019 ya duba wani tsari da asibitocin Amurka ke amfani da shi wajen zaɓar masu buƙatar ƙarin kulawa. Tsarin yana auna tsananin ciwo ne da yawan kuɗin da aka kashe wa mutum a baya. Da yake baƙaƙen fata ba su cika samun kulawa mai tsada ba, sai ya ɗauke su a matsayin masu sauƙin ciwo. Masu binciken sun nuna cewa da za a gyara ma'aunin, kason baƙaƙen fata a cikin waɗanda ake zaɓa zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5 cikin 100. A Najeriya, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fitowa, manhajar da aka horar da bayanan manyan asibitoci za ta san masu hali da mazauna birni, ta jahilci matar da ta haihu a gida a ƙauye. Yanzu da dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ƙarƙashin hukumar NHIA, bayanan da ke taruwa a hannun kamfanonin inshora za su ƙaru, kuma sha'awar sa manhaja ta tantance wa za a biya wa magani za ta ƙaru tare da su.

Abin da mita ta sani game da gidanka

Ba kasafai ake kawo wutar lantarki cikin zancen sirri ba, amma mita mai aika bayanai da kanta mai ba da labari ce. Idan tana rubuta yawan wutar da aka sha kowane minti goma sha biyar, to daga jadawalin ana iya gane lokacin da gida ke tashi, da lokacin da ake fita, da ranar da aka yi tafiya aka bar gida ba kowa. A 2018 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka, a shari'ar birnin Naperville, ta yarda cewa tattara irin wannan bayani nau'i ne na binciken gida, duk da ta ga a wannan karon an yi shi bisa dalili karɓaɓɓe. A Holan kuwa, a 2009 majalisar dattawa ta ƙi amincewa da tilasta wa kowa irin wannan mita saboda damuwa kan sirri.

A nan gida, Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta maye gurbin ta 2005, ta kuma buɗe wa jihohi ƙofar kafa nasu hukumomin sa ido. Tun bayan da hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin Band A zuwa Naira 225 kan kowane kilowat na sa'a ɗaya a Afrilun 2024, bisa alkawarin wutar aƙalla sa'o'i 20 a rana, bayanai sun zama kuɗi kai tsaye. Rukunin da aka sa layin unguwarku, ko A mai sa'o'i 20, ko B mai 16, ko C mai 12, shi ke yanke abin da za ku biya, kuma alƙaluman da na'urori ke tattarawa a kan layin ne hujjar cika alkawarin ko saɓa shi. Ga wanda ba shi da mita, kuɗin ƙiyasi lissafi ne da aka yi a bayan idonsa, abin da ya sa NERC ta sanya masa iyaka tun 2020.

Kamfanonin rarraba wuta a faɗin duniya suna amfani da manhajoji wajen gano satar wuta, ta hanyar lura da gidan da shan wutarsa ya faɗi kwatsam. Amma faɗuwar na iya zama saboda mai gidan ya sa sola, ko an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Idan aka yanke masa wuta ko aka ɗora masa tara bisa alamar manhaja kaɗai, to ga sashe na 37 na Dokar Kare Bayanai, ga kuma ƙa'idojin kare masu amfani da wuta na NERC da ofisoshin sauraren ƙorafi da ta kafa. Yadda za a daidaita aikin NDPC da na NERC da na sababbin hukumomin jihohi yana cikin tambayoyin da masu binciken doka ya kamata su zauna a kai.

Makamashi yana shiga zancen ta wata ƙofar kuma. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin ajiyar bayanai sun sha wutar da ta kai terawat 415 na sa'a a 2024, kimanin kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya, kuma tana hasashen adadin zai ninka ya haura kafin 2030. Ko da babban layin wutar Najeriya zai riƙe megawat 5,000 dare da rana tsawon shekara, abin da zai bayar bai kai terawat 44 na sa'a ba. Ƙa'idojin NITDA tun 2013 sun nemi a ajiye bayanan gwamnati a cikin gida, kuma kamfanin Galaxy Backbone na gwamnati yana wannan aiki. Amma burin sarrafa bayanan 'yan ƙasa a cikin ƙasa yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da samun tsayayyiyar wuta.

Lauyan da ya kawo shari'ar da ba a taɓa yi ba

Su ma masu binciken dokar ba su tsira ba. A Yunin 2023 wani alƙalin tarayya a New York ya ci wasu lauyoyi tarar Dala 5,000 a shari'ar Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca, bayan sun gabatar da hukunce-hukunce shida da ChatGPT ya ƙirƙira, da sunaye da lambobi kamar gaske. A Janairun 2025 wata babbar kotu a Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu ta ci karo da irin wannan, ta miƙa lamarin ga hukumar ladabtar da lauyoyi. A Yunin 2025 babbar kotu a Landan ta yi kakkausan gargaɗi kan batun a shari'ar Ayinde.

Dalilin a fili yake. Waɗannan manhajoji suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata ne, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da su da shi. Inda rubutun ya yi ƙaranci, kamar hukunce-hukuncen kotunan Najeriya da takardun sanarwa na cikin gida, sai su cike giɓin da abin da ya yi kama da gaskiya. Mataimakin ɗan majalisa da ke tsara ƙuduri, ko jami'in sashen shari'a da ke rubuta wa Babban Sakatare shawara, yana iya samun sashen dokar da babu shi ko hukuncin Kotun Ƙoli da ba a taɓa yankewa ba. Maganin tsohon magani ne: a buɗe dokar a ga sashen da ido, a nemo hukuncin a rahotannin shari'a kafin a ambace shi.

Ina haƙoran dokar?

Sashe na 48 ya tanadi tara: ga manyan masu riƙe bayanai, Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga sauran, Naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Hukumar ta riga ta gwada ƙarfinta a kan kamfanoni. A Agustan 2024 ta sanar da tarar Naira miliyan 555.8 kan bankin Fidelity, wanda ya musanta aikata laifi, sannan a Yulin 2025 ta sanar da ta sama da Naira miliyan 766 kan MultiChoice. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ma ta ci kamfanin Meta tarar Dala miliyan 220 a Yulin 2024 bayan binciken da ta yi tare da NDPC.

Babban gwajin shi ne ranar da mai laifin ya zama hukumar gwamnati. Gwamnati ce mafi girman mai riƙe bayanai a ƙasar nan, daga NIN zuwa fasfo zuwa albashi. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ana sayar da bayanan NIN a wasu shafukan intanet kan Naira 100, NIMC kuma ta ce ba a kutsa cikin rumbunta ba. Tarar da aka gina kan kuɗin shiga ba ta zauna daidai a kan ma'aikatar da kasafi take ci ba, kuma ko an biya, daga aljihun gwamnati ne zuwa wani aljihunta. Sai dai sashe na 51 ya ba wanda aka cutar damar zuwa kotu neman diyya da kansa, kuma idan ma'aikata ta sha kaye, sanannen abu ne cewa za a koma fayil a ga hannun wa ya bi ta kai.

Tarayyar Turai ta ɗauki wata hanya a dokarta ta ƙirƙirarriyar basira da ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2024: ta kasa amfani da fasahar gwargwadon haɗari, ta sanya harkar ɗaukar aiki, da rabon tallafin gwamnati, da tafiyar da layukan wuta a rukunin masu babban haɗari. Tarayyar Afirka ta amince da nata tsarin a Accra a Yulin 2024, a wata na gaba kuma ma'aikatar da Dokta Bosun Tijani ke jagoranta ta fitar da daftarin tsarin Najeriya. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya ƙaddamar da manhajar Service-Wise GPT domin taimaka wa ma'aikata da ƙa'idojin aiki, yana kuma tura ma'aikatu su bar fayil ɗin takarda. Alkiblar gwamnati ke nan, ba kuma komawa baya za a yi ba.

Kafin a sa hannu

Abin da ya rage ga jami'i shi ne 'yan tambayoyin da ba su buƙatar digirin lauya. Shin akwai sunan mutum, ko lambarsa, ko lafiyarsa a cikin abin da zan loda? Idan akwai, shin ma'aikata ta amince da wannan manhajar a rubuce, kuma an san inda bayanan ke zuwa? Kamfanin Samsung, da duk ƙwarewarsa, sai da ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a 2023 bayan wasu sun loda bayanan cikin gida. Wane ne jami'in kare bayanai na ma'aikatarmu, wanda sashe na 32 ya tanada ga manyan masu riƙe bayanai, kuma ya ga wannan kwangilar? An yi nazarin haɗari kafin a sayi tsarin? Idan manhajar ta ce a cire sunan wani, wane mutum ne zai duba, kuma ina wanda abin ya shafa zai kai kukansa?

Mataimakin nan na yammacin Alhamis yana da mafita tun farko. Yana iya karanta rahoton likitocin da kansa, ya rubuta abin da mai gida ke buƙatar sani cikin layi biyar, idan ya so ya nemi manhaja ta gyara masa Turancin bayan ya cire duk abin da zai nuna ko wane ne. Zai ci minti goma maimakon biyu. Jami'in da fayil ɗinsa ke kan teburin ya miƙa sirrin ciwonsa ne ga gwamnatin da ya yi wa aiki, bisa zaton zai tsaya tsakanin mutanen da aikinsu ya wajabta su gani. Shi ma mataimakin yana da nasa fayil ɗin a rajista, kuma wata rana wani ne zai buɗe shi.